Hannun Rigar Malam Yahuza

"Ƙara mata iska, Ashafa. Ta baya ce ke cin amanata."

Ashafa ya ɗago daga kan famfo ya dubi mai maganar. Malam Yahuza yana tsaye a ƙofar zaurensa, hannu ɗaya dafe da bango, sanye da tsohon kakinsa na masinja mai gajeren hannu, wanda yanzu mutum biyu irinsa za su iya shiga ciki. Sati bakwai ke nan rabon da mutanen unguwar Limawa su gan shi a waje. Likita ya riga ya ce wa matarsa Iya Lauratu ta koma da shi gida a ci gaba da addu'a, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san abin da wannan maganar take nufi.

"Malam, ina za ka cikin wannan rana?"

"Yau ba Litinin ba ce? Kasuwar Shuwarin zan leƙa."

Ashafa mai gyaran keke ne. Rumfarsa a jikin katangar Malam take, gidansa kuma yana kallon nasa. Shekara goma sha tara suna maƙwabtaka bai taɓa yi masa musu ba, don Malam ya girme shi nesa ba kusa ba. Ya ƙara danna famfo sau huɗu, ya matsa tayar da babban yatsa, ya turo keken gabansa.

Malam ya sa hannu a aljihu ya zaro abin da duk Dutse ta san shi da shi. Hannun riga ne guda biyu na farin yadi mara nauyi, babu rigar, kowanne da roba a sama da ƙasa, yana rufe mutum daga wuyan hannu har damtse. Ya zura na dama ya ja shi sama, ya sulalo ya taru a wuyan hannunsa. Ya sake ja, ya sake sulalowa, don babu sauran naman da robar za ta kama. Ya ƙyale shi haka ya kama kan keke, ya yi bismillah, ya ɗaga ƙafa. Ƙafar ba ta kai ko feda ba. Da Ashafa bai tare shi ba, da shi da keken duk sun zube a kwata. Ya ɗauke shi cak ya zaunar a kan bencin rumfa, ya ji ba sauran nauyi a jikin dattijon.

Wannan hannun riga yana da tarihi. Malam Yahuza fari ne tas, jinin Fulani ta wajen uwa, irin fatar da rana ba ta raga mata. Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, ofisoshin sabuwar gwamnati a warwatse suke, wannan a Takur, wancan can bayan duwatsu, shi kuma wuni yake yi yana zaga su da fayil ɗaure a kariyar keke. In bazara ta kama, hannuwansa sai su yi jawur, su yi ƙuraje, su riƙa saɓulewa kamar ɓawon albasa. Ana nan sai wata rana Luba matar Ashafa ta dawo daga gidan yayarta a Shuwarin da ɗan ƙulli, ta ce an ce a ba Malam. Ashafa ya kai masa. Malam ya kwance, ya daɗe yana kallon ɗinkin, ɗinkin hannu ne ƙanana a jere kamar tafiyar tururuwa. Ya ce madalla, bai tambayi wanda ya aiko ba. Abokan aiki suka yi ta tsokanarsa wai ya fara sayen riga daga hannu, baɗi sai wuya. Shi dai in ya zo famfo ya jiƙa su da ruwa ya hau kekensa, iska tana kaɗa su yana jin sanyi har ƙashi. Tun daga nan kowace shekara, da zafi ya fara, sabbi za su iso ta wannan hanyar, har bayan ya yi ritaya.

Kowa ya san mai ɗinkin, ba mai faɗa. Ikilima ce, 'yarsa ta fari. Ranar da aka yaye ta kakarta ta goya ta zuwa Shuwarin, a can ta girma, a can aka yi mata aure, yanzu 'ya'yanta shida. Malam mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. In dole ta kama sai ya ce "'yar Shuwarin". In ta zo gida ta durƙusa gaisuwa, bango yake amsa wa, ya ɗauki buta ya nufi masallaci ko da lokacin salla bai yi ba. Tun da aka ƙaddamar da shari'a bara, masu wa'azi suke ta faɗa cewa wannan al'ada ce, ba addini ba. Malam yakan gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, ya dawo gida harshen ya ƙi. Ga shi yanzu kwana ya ƙarato, babu abin da ransa yake so a duniya irin ya ji ta kusa da shi, kuma babu bakin da zai ce a kira ta.

Da numfashinsa ya dawo, ya zare hannun rigar ya ninke su a kan cinya. Ya miƙa wa Ashafa, idonsa yana kan titi.

"Sun yi mini yawa. A mayar da su inda suka fito, a rage."

Ashafa mutumin kirki ne, amma Allah bai yi shi da gane zance a kaikaice ba. In keke ya yi ƙara daga ƙarshen layi zai faɗa maka ko sarƙa ce ko birki, amma in mutum ya yi, sai an fassara masa. Ya yi tunani a ransa, ragin da bai fi minti goma ba, me zai sa a tafi har Shuwarin a jira kwana da kwanaki? Ga Idirisu tela nan a bakin titi. Bayan la'asar ya yi sallama ya shiga ɗakin Malam yana fara'a, ya ajiye su a gefen katifa.

Malam ya juya ɗaya ya shafa ɗinkin da yatsa.

"Keke ne ya ɗinka wannan."

"Eh, Idirisu na kai wa. Nan take ya yi, ka ga an huta da jira."

Malam ya haɗa hannun rigar biyu ya ninke.

"Allah ya saka da alheri," ya ce, ya tura su ƙarƙashin matashi, ya juya ya fuskanci bango.

Sai ranar Laraba da hantsi maganar ta fito. Luba tana zuba wa Ashafa koko take ce masa tun Litinin Malam bai sa komai a cikinsa ba, ko kunun tsamiyar da yake so an kai ya ce a ajiye. Ashafa ya ce abin mamaki, ranar ma ai da ƙarfinsa, har aiki ya ba shi. Ya ba ta labarin ragin yana jiran yabo. Luba ta saki ludayin a cikin ƙwarya.

"Idirisu? Baban Safina, Idirisu ka kai wa?"

"To ba tela ba ne?"

"Inna lillahi. Kai dai in ba taya ce ta sace ba, ba ka jin komai! Bawan Allah nan ragi yake nema? Cewa ya yi a kai mata ta gani da idonta yadda hannun ya koma. Ka je ka yi mana gyaran gangar Auzinawa."

Ashafa ya ajiye kofin.

"To me ya hana ya ce a kira ta kawai?"

"Da wane baki? Shekara arba'in bai kira ta ba sai yau?"

"Iya fa?"

"Iya ai ta fi shi. Jiya na tarar da ita a madafi tana share hawaye, na ce Iya a aika Shuwarin mana, ta ce ai sun san ba shi da lafiya. Sun sani! Wancan watan da yarinyar ta zo, da sauƙi aka ce mata, ta koma da da sauƙinta. Ɗan'uwanta Kamilu yana can Fatakwal, wasiƙa ma ba ta isa ba. In mu ba mu yi ba, wa zai yi?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe Ashafa lokaci guda. Kwana biyu ya cinye wa mutumin da kwanakinsa ba su da yawa. Ya tashi ya bar kokon.

Ranar ba ta kasuwa ba ce, mota sai ta wuni a tasha ba ta cika ba. Shi kuma, kamar yawancin masu sana'arsa, kekensa na kansa ya fi shekara a rataye ba ƙafar gaba. Ya shiga zauren Malam ya kama keken dattijon, ya ɗaga murya ya ce wa Iya Lauratu zai ari keke. Ba ta tambaye shi inda za shi ba. Yana ƙoƙarin fitar da shi sai ga hannunta ya leƙo ta bayan ƙyauren tsakar gida, riƙe da fararen hannun rigar.

"Malam ya ce rana ta yi zafi, ka sa."

Sun matse shi ƙwarai, tunda da awon mara lafiya aka rage su, robar tana cin damtsensa. Ya jiƙa su a famfon bakin masallaci kamar yadda ya sha ganin mai su yana yi, ya hau titi. Azahar ba ta yi ba amma kwalta har ta fara laushi. Ya wuce duwatsu da dogayen dabino, ya shiga gonaki tsirara, an share an tara kara ana jiran ruwan farko. Wuyansa da bayan tafin hannunsa suna ƙuna, amma inda yadin ya rufe sanyi ne ke ratsa shi. Sirdin ya lotsa daidai zaman wani, ba nasa ba. Tun yana ƙirga gadoji har ya daina, ya koma tunanin dattijo ɗan shekara sittin da wani abu yana taka wannan hanya kowace Litinin, zuwa da dawowa, ya dawo da ɗan ƙullin barkonon da akwai irinsa a bakin layinsu. Shi Ashafa duk shekarun nan ya ɗauka son kasuwa ne.

A Shuwarin aka nuna masa gidan Sadisu mai awon hatsi, mijin Ikilima. Inuwa ɗaya ce a layin, wata darbejiya da ke kallon ƙofar gidan, don haka can ya nufa ya sauka yana haki. Bai kai ga jingine keken ba ya ji salati daga cikin zaure, da ƙarar kwano ya faɗi. Ya ƙarasa da sauri ya yi sallama. Ikilima tana durƙushe a bayan ƙyaure, mayafi a karkace, idonta a kan hannuwansa.

"Baba Ashafa, yaushe? Yaushe ya cika?"

Sai a sannan ya ga abin da ta gani, keken ubanta da hannun rigar ubanta a jikin wani.

"A'a! A'a, Ikilima, yana nan da ransa, wallahi da ransa na baro shi."

Ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska tana kuka. Ya tsaya a bakin ƙofa bai san inda zai sa idonsa ba. Da ta ɗan natsu ta yi magana, muryar a dashe.

"Duk Litinin a gindin bishiyar nan yake sauka. Ya duƙa yana taɓa sarƙa wai ta zame. Ni kuma sai in kora yara ƙofar gida su yi wasa, in tsaya nan ina leƙensa ta tsagar ƙyaure. In ya gama kallonsu ya hau ya tafi. Baba, kai kake gyara keken nan, sarƙarsa ta taɓa zamewa?"

"Ba ta taɓa ba," in ji Ashafa.

"Ta tsagar nan na ga hannunsa yana saɓulewa. Ta nan nake aunawa, ido ba mudu ba amma ya san kima. Litinin bakwai ina leƙawa ba kowa. Na ce ko in je, sai in tuna in na je fita zai so yi ya bar mini gidan, ga shi ba ƙafa. Kada in takura shi."

Ashafa ya zare hannun rigar da ƙyar ya miƙa mata. Ta buɗe ɗaya ta ga faɗinsa, da bai fi a zura muciya ba.

"Haka ya koma?"

"Haka ya koma. Tun Litinin ya ce a kawo miki. Ni ne ban gane ba, na kai wa tela. Ki yafe mini."

Ta aika kasuwa aka kira Sadisu, shi kuma da ya ji bai tsaya dogon zance ba, ya tare musu wata akori-kura mai kai buhuna Dutse. Aka ɗora keken a kan kaya, Ikilima ta shiga gaba, Ashafa ya hau baya yana riƙe da shi.

Ana sallame azahar suka isa Limawa. Ashafa ya yi salla a gurguje ya shiga ɗakin Malam, ya tarar numfashin ya canza, yana fita da ɗan kakari. Iya Lauratu ta tashi ta ba shi wuri, ta fita tsakar gida, ta wuce 'yarta kamar ba ta gan ta ba, ta je ta ɗebo ruwan randa ta ajiye kusa da ita. Ikilima ta durƙusa a waje, labule tsakaninta da ɗakin.

"Baba, sannu da jiki."

Idon Malam ya buɗe. Bai dubi labulen ba, rufin ɗaki ya duba, amma Ashafa ya ga yadda fuskar ta saki.

"Ashafa, ka ce da sauƙi."

"Ya ce da sauƙi."

"Allah ya ƙara sauƙi," ta ce.

Kaza tana tono a gindin turmi, rediyon maƙwabta yana ta sanarwa.

"A rana aka zo?" Malam ya tambaya a hankali.

"A mota muka zo, Malam."

"An ba baƙi ruwa?"

"An ba su."

Ya lumshe ido, ya sake buɗewa.

"Ɗakin nan ba iska. Ja ni bakin ƙofa."

Wannan karon Ashafa bai nemi mafici ba, bai ce bari a buɗe taga ba. Ya kama bakin katifar ya ja ta a hankali har gefenta ya taɓa dokin ƙofa. A waje Ikilima ta gyara zama, ta jingina bayanta da bango daf da labulen, fuskarta tana kallon tsakar gida. Gefen mayafinta, shuɗi mai ɗigon fari, ya zamo ta ƙarƙashin labule ya kwanta a kan simintin ɗakin.

Ta fara magana da uwarta, wadda ke can bakin madafi tana tsince shinkafar da ba mai ci, amma da muryar da ta fi ƙarfin tazarar da ke tsakaninsu.

"Iya, Mu'minatu ta sauke izu goma. Malaminsu ya ce bakinta da kyau. Babban kuwa ya ce shi makarantar koyon aikin gona zai shiga. Auta ya fara tafiya, in ya ji ƙararrawar keke sai ya nufi ƙofa da gudu, ya faɗi ya tashi."

"Uhm," in ji Iya Lauratu, kanta a sunkuye.

Hannun Malam ya sauko daga kan katifa. Fari ne, siriri, duk tabon tsohuwar ƙuna. Ya lallaɓa a kan siminti kamar mai neman carbi, har ya kai ga gefen mayafin, ya kwanta a kai. Yatsun suka ɗan tattara yadin. Ikilima ta ji an ja, Ashafa ya ga inuwarta ta ƙame a jikin labule. Muryarta ta tsaya, sannan ta ci gaba, ba ta waiwaya ba.

"Akuyar nan ja ta haifi biyu. Mun gama sharar gona, taki kawai ya rage a kai. Maigidan ya ce bana gero zai fi yawa, gyaɗa kaɗan."

Ashafa ya matso da bakinsa kusa da kunnen Malam yana maimaita kalmar shahada a hankali. Leɓen Malam ya motsa tare da nasa sau ɗaya, sau biyu. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, Ashafa ya jira ya sake ɗagawa, bai ɗaga ba.

Hawaye suka zubo masa. Ya sa tafin hannu ya shafe idon maƙwabcinsa, ya yi salatin a cikin ransa. Ya san abin da ya kamata, ya ɗaga labule ya faɗa, a aika masallaci kafin la'asar. Amma a waje Ikilima ba ta gama ba, tana ba da labarin rijiyar da suka yashe, da yadda ruwan ya dawo garai-garai har maƙwabta suna zuwa ɗiba. Ashafa ya zauna a kan dugadugansa ya bar ta ta kai ƙarshe. Iska ta ɗan motsa labulen, gefen mayafin yana nan a ƙarƙashin hannun.